Kar ka jona rikodar Baba tukuna

Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi. Na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce da kuka buɗe ɗakinsa a Marwa kun tarar da babbar rikoda Sharp mai bakin kaset biyu, da ampli Pioneer, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da bafil, wato akwatin sifika, guda biyu, da abin juya faifai, da kwali cike da kaset da faifai, an fi shekara goma sha biyar ba a kunna ko ɗaya ba, kuma wani mai gyara a unguwarku ya ce maka kawai a kwashe kayan cikin a saka ƴar na'urar USB da Bluetooth kowa ya huta. Kana so ka san ko suna gyaruwa, sannan in mutum yana sha'awar tara irinsu ta ina zai fara.

Toh ni dai wannan aikin na tashi a ciki nan Garwa tun ina yaron shago ana aikena sayen dalma, yau shekara talatin da ɗoriya, kuma amsata a taƙaice ita ce eh suna gyaruwa, yawancinsu ma ciwon nasu bai taka kara ya karya ba. Amma ina roƙonka abu biyu kafin mu je ko'ina: kar ka jona ko ɗaya a wuta yanzu, kuma kar ka saka kaset ɗin Baba ko guda ɗaya a cikin rikodar nan wai don ka gwada. Kayan da ake kawo min a mace, wallahi mafi yawansu ba shekaru ne suka kashe su ba, ranar da aka fito da su daga ƙarƙashin gado aka ce bari mu ji ko tana yi, ranar suka mutu.

Ni kaina na taɓa yi, shi ya sa nake faɗa da ƙarfi. Ina shekara ta biyu a wurin maigidana wani Alhaji ya aiko da ampli, an ce ɗansa ne ya zo da shi daga waje, mai nauyi kamar dutsen niƙa, fuskarsa fara sol ta ƙarfe. Maigida ya tafi sallar la'asar ya ce in jira shi, ni kuma rawar kai ta hana ni zama, na ga kan filogin nasa mai faɗi ne ba irin namu mai zagaye ba, sai na nemo adafta na cusa. Fitilun fuskar suka kama da wani haske mai kyau na kamar daƙiƙa biyu, sai na ji ƙara ɗas, sai hayaƙi fari yana fitowa ta ramukan sama, da wani wari kamar an ƙona kifi da roba tare. Na 120 volt ne, na ba shi 220. Kuma wani can baya ya riga ya naɗe fis ɗin da wayar tagulla, don haka babu abin da ya tsaya masa, transfo ya tafi. Maigida bai dake ni ba, sai da ya sa na zauna na warware wayar transfo ɗin nan zagaye ɗaya ɗaya ina ƙirgawa ina rubutawa a kwali har kwana uku don a naɗa sabuwa. Da dukan ya yi da ya fi min sauƙi.

Saboda haka aikinka na farko ba ya buƙatar ko sukudireba. Juya bayan kowannensu ka karanta ƴar takardar nan ko rubutun da ke kusa da inda waya ta shiga. Wutarmu a Kamaru da Cadi 220 volt ce, 50 Hz. Kayan Amurka 120 volt ne 60 Hz, na cikin gidan Japan kuma 100 volt. Waɗanda alhazai suka riƙa shigowa da su daga Jidda da na kasuwannin Kano da Maiduguri yawanci suna da wani ɗan maɓalli a baya da ake murɗawa, 110, 127, 220, 240, toh ka tabbatar yana kan 220 ko 240, don yara suna wasa da shi. In na 110 ne zalla ba matsala, akwai ƙaramin transfo mai sauke wuta, sai dai a samu wanda ya fi ƙarfin abin da za a ɗora masa. Inda 60 Hz ke damun mutum shi ne abin juya faifai mai motar da ke bin bugun wutar gari, in ka kawo shi nan zai riƙa juyawa kashi biyar cikin shida na gudunsa, faifan 33 ya koma kamar 28, mace ta koma namiji a waƙa, kuma wannan ba lalacewa ba ce, sai an canza ɗan ƙarfen da ke kan motar. Haka rediyon da aka yi wa cikin Japan, FM ɗinsa daga 76 zuwa 90 yake, mu kuma tashoshinmu daga 87.5 zuwa 108 suke, kaga kusan duk sun wuce shi. Na sha ganin wanda ya saya a brokant, wato shagon kayan gwanjo, ya dawo yana cewa an cuce shi, alhali lafiyarsa lau.

Bayan nan sai a buɗe a duba da ido da hanci. Abin da ya shekara goma sha biyar a ɗaki a ƙasar nan ba shi kaɗai yake kwana ba. Wata rikoda da aka kawo min daga wajen Pitowa, mai ita ya ce allurar neman tasha ta ƙi motsi, da na cire bayan sai ga gidan zanzaro guda uku, ɗaya an gina shi daidai kan tayar da zaren allurar ke naɗuwa, laka ta bushe ta riƙe komai gam, ga ƙwan tsaka a bayan sifika, ga kashin kyankyasai ya bi kan allon kamar an barbaɗa barkono. Shi kashin kyankyason da fitsarin ɓera su ne masu haɗari don suna cin layin tagulla. Ka sa buroshin fenti mai laushi ka kaɗe, in akwai abin hura iska ka hura a waje ba cikin ɗaki ba. Ka duba gidan batir, in an bar pil a ciki sun zubar za ka ga fari ko kore a kan sifirin, a kankare da sanfefa a goge. Kar ka wanke komai da fetur, na roƙe ka, na san zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bumburutu na bakin hanya, ya fi komai kusa amma yana cin roba yana dusar da gilashin gaba. Alkol na farmasi mai digiri 90 ko 95 da auduga sun ishe ka, shi ma ban da kan rubutun fuska, yana iya ɗauke shi.

Kuma in ka ga wasu ƙananan gwangwanaye masu murabba'i da ɗan rami a sama kamar na sukuru, wasu da launi ja ko rawaya ko baƙi, kar ka taɓa su, kar ka bari kowa ya taɓa. Ba sukuru ba ne da ya kwance, saitin kamun tasha ne da aka yi a kamfani da na'ura, abin cikin kuma kamar gawayi yake, yana fashewa. Nan ne ake yin gyaran gangar auzinawa, a kawo rediyo don volim na ƙara a mayar da shi ba ya kama ko Garwa a cikin Garwa.

Ranar da za a ba shi wuta karon farko akwai dabara mai araha da duk mai gyaran kirki ya sani. A samo ƙwan lantarki irin na da mai zare a ciki, 60 ko 100 watt, a yanke waya ɗaya daga cikin biyun da ke kai wuta a saka ƙwan a tsakani, yadda wutar sai ta bi ta cikinsa kafin ta isa ampli. In an kunna ƙwan ya yi haske fal sannan ya dushe ya koma ja-ja, alhamdulillah, kondansata, wato gwangwanayen da ke tara wuta a cikin ampli, su ne suka sha suka ƙoshi. In ya tsaya da haskensa bai sauka ba akwai inda wuta ta haɗe, a kashe, kuma ƙwan ya shanye dukan ba transfo ba. Ƙwan LED ba ya wannan aikin, su kuma na da ɗin sun yi wuya yanzu, ni guda huɗu nake ɓoyewa a cikin gwangwanin madara kamar kuɗin adashi. Wannan ka bar wa mai sana'a ya yi a gabanka, don manyan kondansata na ampli suna riƙe wuta ko bayan an cire filogi, in kuma rediyo mai kwalabe ne irin na zamanin Turawa, wutar cikinsa ɗaruruwan volt ce, ba ta wasa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna a cikin tambayarka, kai kuma a layi ɗaya ka ambace shi ka wuce: kwalin kaset ɗin nan. Rikoda in ta mutu akwai irinta, Sharp sun yi dubbai. Amma mutanenmu na wancan lokacin ba waƙa da wa'azi da tafsirin azumi kaɗai suke ɗauka ba, wasiƙa ma a kaset ake yi. Wanda ke Makka ko Sudan ko Legas zai zauna ya yi magana awa guda, ya gai da kowa da sunansa, a ba direba ko mahajjaci ya kawo, a taru a tsakar gida a saurara, sannan a juya a ɗauki amsa. Wani bawan Allah ya taɓa kawo min C90 da zaren ya naɗe ya tattare kamar taliya, ya ce muryar mahaifiyarsa ce, ya saka a wata tsohuwar rikoda ta cinye. Na kwance sukuru biyar ɗin jikin kaset ɗin, na miƙe zaren a kan gilashi da bayan cokali a hankali, na yanke inda ya tsinke na haɗa ta baya, na mayar cikin wani gidan kaset mai kyau. Da muka kunna sai ga tsohuwa tana cewa a gaya wa wane kar ya sayar da akuyar nan sai ta dawo, ana jin zakara yana cara a bayanta. Mutumin ya fi ni shekaru amma sai da ya juya ya fuskanci bango. Inda ya tattare kuwa, wajen daƙiƙa ashirin, muryar tana nutsewa tana tasowa, wannan ya tafi kenan har abada, babu mai gyaran da zai dawo da shi.

Toh kai naka bai kai nan ba, kar ka kai shi. Ka zauna ka ware su, waɗanda aka rubuta da hannu ko babu rubutu sam ka sa su gefe. A saman kowane kaset ta baya akwai ƴan kunnuwa biyu na roba, ka karya su, in an karya maɓallin ɗauka ba zai danna ba, don yaro ɗaya ya isa ya shafe muryar kakansa da dannawa ɗaya. Ka leƙa ƙasan zaren ta tsakiya, akwai ɗan soso ƙarami a kan ƙarfe mai danna zaren a jikin kan rikodar da ke karanta shi, sau da yawa gam ɗinsa ya bushe ya faɗi, in babu shi murya ba za ta fita da kyau ba, ana liƙa wani. Ka sa biron Bic a ramin ka juya da hannu, in yana tafiya sumul toh, in ya cije kar ka matsa. Wanda ka ga fari-fari kamar gari a gefen naɗin, danshin damina ne ya sa ya yi fumfuna, a ware shi daban. C120 kuma zarensa ya fi na C60 da C90 siranta, shi rikoda ta fi ci, a bar shi ƙarshe. In an samu na'ura mai lafiya, an gwada ta da kaset ɗin da ba a damu da shi ba sau uku huɗu, sai a ja waya daga LINE OUT zuwa kwamfuta a ɗauka, akwai manhajar ɗaukar sauti Audacity kyauta ce, a ajiye a nau'in fayil na WAV, a yi kwafi biyu a wuri biyu. Ɗora waya a gaban sifika a ɗauka sannan a tura ta WhatsApp, wannan an yi ba a yi ba, amma ko shi ya fi babu.

Ita rikodar kanta, ina iya ce maka tun ban gani ba bel ɗinta ya tafi. Bafaranshe na ce masa courroie, yaran shagona kuma kurwa suke cewa, kuma ban hana su ba don in ta tsinke rikoda ta zama gawa. Robar wancan zamanin in ta daɗe a zafi ko ta saki ko ta narke ta zama kamar kwalta, baƙi mai danƙo, in ya taɓa rigarka sai dai haƙuri. Sai an goge shi tas daga kan tayoyin da alkol, aikin awa biyu ne wani lokacin, kafin a sa sabo. Ana auna tsawon da zare a bi hanyar da bel ɗin ke bi sannan a rage kaɗan, kamar kashi 5 cikin 100. Kar a yarda da robar ɗaure kuɗi ko tib ɗin babur da aka yanka, za ta juya kam, amma kaset tun da Philips suka fito da shi a 1963 gudunsa santimita 4.76 ne a daƙiƙa, in ya riƙa hawa da sauka ko kaɗan kunne na ji, mai waƙa ya koma kamar yana kuka a kan raƙumi, in kuma ta yi tsauri ta cinye motar. Ana samun ƙunshin bel kala-kala daga Kano ko Duwala ko ta intanet. Sai ƴar tayar robar nan da ke matse zaren a jikin siririn ƙarfe mai juyawa, ita ce ɓarauniyar da ke cin kaset in ta yi santsi ko ta taurare, a goge ta har auduga ta daina yin ruwan ƙasa, in ta tsage a canza. Mai kuwa ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a gindin ƙarfen, shikenan, ban da man gyaɗa ban da baƙin mai, kuma kar ya kusanci roba.

Akwai wani ciwo da ke ruɗa mutane, rikoda ta riƙa ihu ko gefe ɗaya ya ɗauke ko murya ta yi ƙasa, a ce ai IC ya mutu a kawo kuɗi. Sau da yawa wani dogon suwic ne a kan allon wanda ke motsawa in an danna ɗauka, ya shekara da shekaru bai motsa ba ya yi tsatsa. A fesa masa maganin wanke suwic a tura shi gaba da baya sau talatin, ka ga ta warke. Volim mai ƙarar yashi ma haka. In murya ta fito a dushe kamar ana magana cikin bargo, a fara goge kan da ke karanta zaren, in bai yi ba akwai ɗan sukuru a gefensa mai sifirin, ana juya shi kaɗan kaɗan ana saurare har muryar ta washe. Don kaset ɗin Baba wannan sukurun na da amfani sosai, tunda kowace rikoda da aka ɗauka da ita da irin karkatar kanta.

Ampli kuma maganar kondansata ce. Akwai ruwa a cikinsu, yana bushewa, kuma ƙa'idar da masu ƙera su ke bayarwa ita ce duk ƙarin zafi digiri 10 yana raba kwanansu biyu. Toh ka tuna Maris da Afrilu a Garwa ko Marwa ko Kuseri, waje ya haura 40, ɗaki mai kwano ba silin, ga zafin ampli ɗin kansa. Alamarsu ƙugi a bafil ko da ba a sa komai ba, ko ka ga kansu ya kumbura ko sun yi zufa a gindi. A canza da mai lamba ɗaya ta µF, volt ɗin daidai ko sama, in da hali mai rubutun 105°C maimakon 85, kuma a kula da ƙafa, in aka juya ta fashewa yake. Ni ba na goyon bayan a tuge duka ɗari da wani abu rana ɗaya, a fara da ɓangaren wuta a saurara. Kafin a haɗa bafil a sa mita a bakin wayar sifika, ya kamata a ga kusan sifili, ƴan milivolt, in ka ga volt 20 ko 30 na DC toh transista ta haɗe kuma za ta gasa maka bafil cikin ƙiftawar ido. Nan kuma sai a yi hattara da kayan jabu, transista da STK, wato IC ɗin ƙara sauti, na kasuwa da yawa sunan ne kawai a jiki, in ka fasa ka ga abin cikin kamar ƙwayar gero. Gara wadda aka ciro daga tsohon ampli da ya mutu. Bafil in ka ga bakin sifikar ya ruɓe yana zuba kamar garin biskit kar ka jefar, soson gefen ne kawai, ana liƙa sabo. Ka duba 4 ohm ne ko 8, kuma kar a jera huɗu a baki ɗaya don za a yi biki.

Faifai ba zan ja da yawa ba. In mai nauyi ne mai fashewa kamar tangaran, 78 ne na garmaho, alkol na narkar da shi, kuma allurarsa daban ce ta fi kauri. In mai lanƙwasa ne, 33 ko 45, a wanke da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa a bi zagayen layin, kar takardar tsakiya ta jiƙe, a shanya a inuwa. A jera su a tsaye kamar littattafai, in aka kwantar aka ɗora kaya a ɗakin kwano sai su zama kamar faifan rufe tukunya. Masu cewa a sa tsakanin gilashi biyu a rana ya miƙe, ranar Turai suke nufi, tamu miya za ta yi da shi. Allura a sa sabuwa, kuma dabarar nan ta ɗora tsabar dala ashirin a kan hannun don kar ya yi tsalle a daina, yawancin allurai gram 2 zuwa 3 suke so, kuɗin ya ninka haka, noma faifan yake yi. Wayarsa a bakin PHONO take shiga, da ƴar siririyar wayar nan ta uku da ake ɗaurewa a sukurun GND, in babu ita ƙugi ba zai bar ka ba.

Shi kuma mai gyaran unguwarku ban ce mugu ba ne, abin da ke kawo masa na cefane kenan, minti talatin ya gama, aikin bel kuwa yini ne kuma ba kowa ke biya ba. Amma in ya kwashe cikin abin da zai rage maka akwati ne da ƙaramin allo na jaka biyu a ciki, sautin ma ba zai kai na da ba. Bluetooth ɗin da kake so ba sai an yanka komai ba, ka sayi ƴar na'urar karɓa ka jona ta a AUX ko LINE IN ko TAPE a baya, ban da PHONO, can zai fashe da ƙara. Ka samu duka biyun. Kuma kar ka raina gajeren zango na rediyon da ke jikin rikodar, mita 16, 19, 25, 31, 41, 49, da shi iyayenmu suka san duniya, BBC Hausa tun 1957, Muryar Jamus, Muryar Amurka, Kaduna a mita 49, da Africa N°1 daga Gabon. Tashoshin sun ragu amma ba su ƙare ba. In ka ji shuuu ya cika ko'ina kar ka zargi rediyon, kashe ƙwan LED da cajar waya da inbata na sola ka ji bambanci, ko ka fita tsakar gida da batir bayan isha'i.

Ajiya kuwa, abin da na koya shi ne waɗannan kayan sun fi son a riƙa amfani da su, ko sau ɗaya a sati a kunna a danna kowane maɓalli. Lokacin hunturu a rufe da zanen atamfa, ba leda ba don leda na tara gumi da damina, kuma a cire zanen in an kunna ampli don ya sha iska. A ɗaga daga ƙasa saboda gara da ruwa, a cire batir in ba a amfani, kaset kuma kar a jera su a kan bafil, akwai maganaɗisu. In an ɗauke wuta cire filogi, dawowarta ce ke kisa, haka in hadari ya taso. Regilata na taimakawa, ƙaramin grup, wato janareta, kuwa ni ba na ɗora tsohon ampli a kansa. In sola gare ka, ƙirga batir nawa rikodar ke ci, kowane 1.5 ne, takwas 12 volt kenan, goma 15, kuma a duba zanen da ke gefen ramin DC don da yawa na Japan tsakiyar ce ƙafar ragi (−), akasin cajojin yanzu.

Maganar tarawa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, duk abin da ka saya ka ƙara kuɗin gyara a lissafi. Ni na fi son na wajen 1975 zuwa 1985, National Panasonic, Sharp GF, JVC, Sanyo, Akai, Sansui, Technics, Grundig, saboda an yi su ne don a buɗe a gyara, kuma takardun zanen cikin da yawansu na nan a intanet. Na bayan nan masu fitilu kamar motar amarya da rubutun 2000 W PMPO ka wuce su, lambar talla ce, ampli na da mai watt 30 na gaskiya ya fi su. Ka ɗaga ka ji nauyi, ka shinshina ramukan sama ko akwai ƙauri, ka duba kan sukuru, in duk sun cinye ko kala-kala ne hannaye da yawa sun shiga. Wanda aka ce ya mutu ba a taɓa buɗewa ba ya fi min wanda aka ce an gyara jiya. Maɓallan fuska da ƙofar kaset da gilashi da hannun ɗauka su ne ba a samu, don haka mai cikakken jiki da ba ya magana ya fi mai magana da ya rasa haƙora, in ka ga biyu iri ɗaya da araha ɗauki duka, ɗaya ya ciyar da ɗaya. Brokant na Duwala da Yawunde da kasuwar Dembe a Njamena ana dacewa, sai dai masu sayarwa yanzu sun iya duba farashin Turai a waya su ce maka kaza, ba su san wancan an gyara shi ne tas ba. Mafi kyau na gidajen tsofaffin ma'aikata da alhazai ne, a yi sallama da ladabi, kuma in ka tarar da kaset mai rubutun hannu a ciki ka mayar musu abinsu.

Ka ɗauko min hoton bayan ukun nan inda rubutun volt yake, da cikin gidan batir, da lambar da ke gaban Sharp ɗin wadda ta fara da GF, daga nan zan gaya maka girman bel ɗin da za ka nema da abin da za ka ce wa mai gyaran ya yi da wanda kar ya taɓa. Kwalin kaset ɗin kuma a yau ɗinnan ka fitar da shi daga ɗakin kwanon ka kai ɗakin Hajiya in ya fi sanyi. A gaishe ta, a yi mata ta'aziyya.